Jinjirin Watan Baba

Duk wanda ya ce maka sararin Douala abin kallo ne, to bai taɓa ɗaga kansa ba. Wata tara ruwa, sauran ukun gumi da hayaƙin gasa kifi. A nan aka haife ni, a unguwar New Bell, a nan na yi boko da Faransanci, a nan nake aikin biro, wato ofis, a wani kamfanin fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa, kuma a nan, don tsabar neman wahala, na ɗora wa kaina ɗaukar hoton wata da taurari. Akwai wani rani guda da har yau ban manta da shi ba. Na yi fushi da inji, na yi fushi da Turawa, na yi fushi da gajimare, na yi fushi da wanda bai kamata in ɗaga wa murya ba.

Babanmu yadi da huluna yake sayarwa a kasuwa, amma a layinmu ba da wannan aka san shi ba. Da duban wata aka san shi. Ba sarauta ba ce, ba wanda ya naɗa shi. Tun yana saurayi, duk ranar ashirin da tara ga wata, da an sallame magariba zai hau saman gini ya fuskanci yamma, wajen kogi, ya kafa ido. Sau da yawa gajimare ya tare shi, ya sauko ya ce bai gani ba, a jira labari daga arewa. Amma ran da ya ce ya gani, ba mai musu, domin kowa ya san Baba ba ya shaidar abin da idonsa bai kama ba. Da muka zuba wa gidanmu rufin kankare, wanda muke ce wa dal, sai ya daina hawa ginin maƙwabta, ya sa aka yi masa matakala tasa.

Sai idon ya fara tafiya. Hawan jinin ido, in ji likita. Na dama ya riga ya mutu kafin ma Baba ya yarda a kai shi asibiti, na hagu kuwa saura ɗan rami a tsakiya, kamar mai leƙe ta hujin makulli. Ni na raka shi, ni kuma likitan ya ja gefe ya gaya wa da Faransanci cewa maganin ɗigawa rage gudun abin kawai yake yi, ba ya tsayar da shi. Ya ce kada in yi mamaki idan idon bai kai baɗi ba. Ya ƙara da cewa abin da Baba zai fi daɗewa yana gani shi ne fari fat a kan baƙi wuluk.

A cikin tasi muna komawa, Baba bai tambaye ni abin da likita ya ce ba. Sai da muka wuce kasuwa sannan ya ce ya kusa shekara rabonsa da kama jinjirin wata.

"Wannan bututun naka," in ji shi, "yana kamo shi?"

Na ce yana kamowa. Na ce ma ba sai an jira ba, yau ɗin nan zan buɗe masa intanet ya ga hotunan jinjirin wata iri-iri, manya-manya. Ya kawar da kai.

"Wannan watan wasu ne. Na ranar nake so, na saman gidana. Sau ɗaya."

Bututun da yake nufi teleskop ne da na saya hannun wani Bature abokin aiki da zai bar ƙasar. Bututun fari ne, in an tsayar da shi yana kai mini ƙugu, bakinsa a buɗe, can ƙasa a gindinsa akwai madubi mai faɗin faranti. Haske ya shiga, madubin ya tattara shi ya jefa wa wata 'yar kamara, kamarar ta aika wa kwamfuta ta waya. In na so, daga kwamfutar in tura hoton ga talabijin ya cika allo. A ranin da ya gabata na ɗauki wata da shi, ramukansa suka fito rangaɗau. Na san abin yana aiki. Saboda haka na yi wa Baba alkawari da baki cike, na ce da ruwa ya ɗauke zai ga jinjirinsa, ya fi tire girma.

Abu ɗaya ya dame ni, laima. A garin nan takalmi ma in ka ajiye shi mako biyu sai ya yi fumfuna, kuma na karanta cewa fumfuna in ta kama madubin teleskop ta cinye shi ke nan. Wata yamma ina tsakar gida ina cin abinci, ina waya da wani abokina, ina ta mita. Na ce laimar nan za ta cinye mini madubi kafin rani, ga shi na yi wa tsoho alkawari. Inna tana gefe tana tsince shinkafa. Ko kai ba ta ɗaga ba.

Ni ne ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ba. A Douala aka haife ta ita ma, tana ciniki da Faransanci, tana faɗa da Pijin, amma kunyar ɗan fari ta riƙe ta kamar yadda kakanninta suka zo da ita. In tana da magana da ni, sai ta gaya wa ƙanwata ko ta gaya wa bango, ta ce a faɗa wa wancan abinci yana hucewa. Sai dai duk ran da na dawo daga biro zan tarar an share ɗakina, an ninke kayana, suna tashin turaren wutar da take haɗawa da hannunta, itace da mai da sukari. Ban yi aure ba a lokacin. Gidan gaba ɗaya wannan ƙamshin yake, tun ina yaro, har hancina ya daina jin sa.

Ruwa ya ɗauke. A Douala rani ba ya ba ka fiye da jinjirin wata uku, kowanne kuma yamma ɗaya ko biyu, domin Baba ya ce daga kwana na uku wata ya zama na kowa. Ranar farko na baro biro da wuri. Na hau da bututun, na hau da ƙafafunsa, na hau da kwamfuta, na ciccibo talabijin ɗin falo, na jawo wuta ta taga. Baba ya hau da kansa, ya zauna a kujerar roba da carbinsa. Ikon Allah, yamma ta buɗe. Na kama watan, na juya wa Baba allo.

Abin da ya fito ba wata ba ne, koko ne. Allon duka ya yi fari-fari, a tsakiya wani lanƙwasasshen abu dishi-dishi, ba baƙi a bayansa ko kaɗan. Na murɗa, na sassauta, na rage haske, na ƙara. Ni mai ido biyu da ƙyar nake gane shi. Baba ya matso, ya juya kai dama, ya juya hagu, yana farautar abin da ɗan ramin da ya rage masa. Ya ce hayaƙi kawai yake gani. Daga nan ya tashi ya lalubo bututun, ya sunkuya a bakinsa, ya yi 'yar dariya.

"Abin naka ƙamshin ɗakin uwarka yake yi."

"Baba, don Allah matsa, kana hura masa numfashi."

Haka na ce masa, wallahi. Ya matsa. Kafin in gama murɗe-murɗena watan ya faɗa bayan tankin ruwan maƙwabta.

Daga ranar na shiga hauka ta wata guda. Na fara da manhajar da ke karɓar hoto daga kamara, na ce ita ce ta lalace. Na goge ta, na sake saukewa, rabin hanya aka ɗauke wuta, na sake daga farko. Sabuwar ta ce ba ta san kamarata ba. Kamarar da suka shekara tare! Na koma tsohuwar, ita kuma ta ce sai na sabunta. Na canza wayar da ke haɗa kamara da kwamfuta sau uku. Na ce ko raɓa ce ke kwanciya a ciki, na ari injin busar da gashi na ƙanwata ina hura wa bututu iska mai zafi, maƙwabta na leƙowa suna dariya, wani ma ya tambaye ni ko kitso zan yi masa. Na daidaita madubin da sukurorinsa har yatsuna suka yi kanta. Duk abin da na ɗauka, wata ko tauraro, sai ya fito cikin kokon nan.

Akwai wata ƙungiya a intanet ta masu irin wannan sha'awar, yawancinsu Turawan Faransa, tsofaffi masu lokaci. Na tura musu hotunan. Kowa da tasa. Wannan ya ce raɓa, wancan ya ce kamara, wani ya rubuto mini shafi guda a kan yadda zan saita ƙafafun da tauraron arewa, tauraron da a garinmu yake kwance a bayan rufin kwanon mutane. Wani ya ce in fita wajen gari inda sama take da tsabta, kamar dai ina da gona a kan dutse. Sai na gaya musu cewa na haska tocila cikin bututun, na ga kamar madubin ya ɗan dushe, ko in fito da shi in wanke? Nan suka taso mini gaba ɗaya. Kada ka kuskura. Tocila ƙarya take yi, kowane madubi datti yake nunawa a ƙarƙashinta. Madubin da wanki ya kashe ya fi wanda datti ya kashe yawa. Ni kuma, da digirina da komai, na ce to. Na rufe bututu na bi maganarsu, don su ne masu abin.

Na kai kamarar unguwar Nkololoun wurin wani mai gyaran waya da kamara, a wata 'yar rumfa tsakanin mai walda da mai facin taya. Ya buɗe ta, ya hura mata iska, ya gwada, ya ce lafiyarta lau. Ya ce in kawo masa bututun gaba ɗaya ya duba. Na dube shi sama da ƙasa. A raina na ce mai liƙa gilashin waya me ya sani game da teleskop? Na yi tsaki na karɓi kayana. Da na kai masa, da hannu ɗaya zai zura ya shafa ya gaya mini. Wannan girman kan nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Har Japoma na je, can bayan gari. Na ce ai hayaƙin masu tsire da masu gasa kifi na layinmu ne ke cika sama. Na loda kaya a tasi wata yamma, direban yana ta ƙorafin ƙafafun ƙarfe za su yaga masa kujera. Na kafa a wani fili kusa da kogi, sauro suka yi walima da ni. Wata rabi ne a ranar, a tsakiyar sama, da ido kana ganin sa fes. A allo kuwa koko. Na dawo gida na tsaya a tsakar gida ina surfa wa laima zagi, na ce ta gama da ni, ta shiga bututun ta zauna, kullum abin ƙara lalacewa yake. Inna tana bakin murhu, ta juya mini baya.

Jinjiri na biyu ya zo. Yammar farko gajimare ya toshe yamma ruf. Ta biyu ta buɗe. A wannan karon Baba bai hau shi kaɗai ba, na riƙe masa gwiwar hannu, yana taɓa kowace matakala da yatsan ƙafa kafin ya taka. Hoton ya fi na farko muni. Ya kai fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa allo, ya daɗe, sannan ya koma ya jingina. Ya ce in bar shi haka, na yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Wannan sa albarkar ta fi mini zagi ciwo. Na ɗaga kwamfutar zan buga da ƙasa, na tuna ta biro ce, na ajiye. Na haure kujerar roba, ta faɗa tsakar gida.

Wajen mako biyu bayan nan, ranar wata Juma'a, shayi ya zube mini a riga a biro. Kullum daga can nake wucewa masallaci, amma ranar na hau bensikin, wato ɗan acaba, na zo gida in canza. Ƙofar ɗakina a buɗe take, hayaƙi yana fitowa.

Inna ce a durƙushe a gaban gadona. Ta sauko da bututun daga saman kabad, abin da ni kaina sai na yi nishi nake ɗagawa. Ta kwantar da shi a kan matasai biyu, bakinsa ya leƙo ƙasa daga gefen gado, ta cire murfin. A ƙarƙashin bakin ga kasko da garwashi, turare yana ci. Ta lulluɓe bakin da kaskon da zani don kada hayaƙin ya ɓata, daidai yadda take yi wa manyan rigunan Baba na Sallah. Tana fifita da faifai, a hankali, hayaƙin mai da sukari yana hawa cikin bututun kai tsaye zuwa madubin.

Na tsaya, komai ya haɗu mini a kai lokaci guda. Daga baya ƙanwata ta gaya mini cewa tun ranar da na yi mitar farko a waya Inna take wannan aikin duk Juma'a. Da ta ji ina ihu cewa abin ƙaruwa yake, sai ta mai da shi bayan kwana bibbiyu. Mafi tsadar turarenta take zuba masa.

Faransanci ne ya fara fito mini, don da shi nake faɗa a biro. Da na ga bai ishe ni ba na koma Hausa, don ta ji da kyau.

"Wa ya aike ki? Wa ya ce ki taɓa mini kaya? Ke ce kika hana Baba ganin wata. Ke."

Ta ɗago. Shekarata talatin da wani abu, ban taɓa ganin ta dube ni ido cikin ido haka ba, ban kuma taɓa jin ta yi mini magana ba tare da ta bi ta bango ba.

"Ka ce laima za ta cinye shi."

Ta naɗe hannu da gefen zani, ta ɗauki kaskon, ta fita. Daga ɗakin Baba na ji gyaran murya guda ɗaya. Ya ji komai, kunnensa ba abin da ya same shi.

Ban je masallaci da wuri ba ranar. Na kwance sukurori, na zaro madubin, na fito da shi rana. Rawaya ne, kamar cikin murfin tukunyar miya. Na ɗora yatsa a gefe, ya manne. Da na dawo daga Juma'a na biya wurin makanike na sayo ruwan batir, wanda ba gishiri a cikinsa, na zuba a roba, na ɗiga sabulun wanke-wanke, na jiƙa madubin, na bi shi da auduga ba tare da na danna ba. Ruwan ya koma ruwan shayi, yana ta ƙamshi. Na ɗauraye, na jingina shi ya tsane. Fuskata ta fito a ciki tas. Aikin duka bai kai minti ashirin ba. Minti ashirin, bayan na ƙone wata biyu na idon Baba ina zagin manhaja ina yi wa Turawa biyayya. Ranar farko tsohon nan ya sunkuya ya gaya mini abin da ke damun injina, da hancinsa, na ce ya matsa.

Washegari na je ƙofar ɗakin Inna na durƙusa, na ba ta haƙuri. Ta dubi bango ta ce a gaya wa wancan ba komai.

Saura kusan mako biyu jinjiri na uku. A cikin kwanakin nan na ga Baba ya zuba shayi a gefen kofi. Na gan shi ya yi wa labule sallama yana tsammanin mutum ne. Hankalina ya tashi. Na ce masa madubi ya gyaru, ya bari in hau da shi da asuba ya ga tsohon wata, shi ma in ya tsufa siririn lanƙwasa ne, kamarsu ɗaya da jinjiri. Ya ce ba shi ya nema ba, wannan mai tafiya ne. Na roƙa, na yi fushi, na ce Baba taurin kan nan na mene ne, wata ai wata ne. Ya ci gaba da jan carbinsa. Shi ma na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba.

Ranar ta zo. Tun la'asar nake kan dal ina harare-hararen gajimare. Yamma ta yi ja, ta buɗe tas, irin buɗewar da ba ta fi sau biyu a shekara. Aka sallame magariba, na hau da Baba, wannan karon kusan ɗaukar sa na yi. Na zaunar da shi, na koma ga bututun. Na kama watan. Allon ya yi baƙi wuluk, a tsakiya ga jinjiri fari fat, siriri, bakinsa kamar an yanka da reza, har 'yan ramukan gefensa ana ƙirgawa. Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Na juya wa Baba talabijin, na tsaya a gefe ina haki.

Baba ya fuskanci allon. Ya jira.

"Ka kunna?"

Na ce na kunna. Na jawo teburin har gwiwarsa, na ƙure hasken. Na kama kansa da hannu biyu na saita masa, abin da ban taɓa yi ba. Ya juya dama kaɗan, ya juya hagu kaɗan, ya ɗaga haɓa, ya sauke. Ya daɗe yana nema. Na ce ga shi nan Baba, daidai gabanka, ga shi nan. Ya ɗaga hannu alamar in yi shiru. Can ya jingina da kujera ya ajiye carbin a cinya.

"Kira mini uwarka."

Inna ba ta taɓa hawa dal ɗin nan ba, ko shanya ƙanwata take aikowa. Na sauka na tsaya a bakin ƙofarta na ce Baba yana kira. Ta yafa mayafi ta hau, tana dafa bango. Ba ta dube ni ba. Baba ya ce ta duba allon. Ta duba, ta daɗe, sannan ta ɗaga kai ta dubi yamma da idonta, ta sake duban allon.

"Kin gan shi?"

"Na gan shi, Malam."

"Ƙahonninsa ina suka duba?"

"Sama. Ya ɗan karkata hagu."

Baba ya gyaɗa kai. Mutumin da ya shekara arba'in ba ya karɓar ganin kowa a madadin nasa ya shafa fuska ya yi addu'ar ganin wata, ya ce to, wata ya tsaya. Daga nan ya ce in kai shi wurin bututun. Na kai shi. Ya lalubo bakin, ya sunkuya, ya shaƙa sau biyu.

"Ka wanke shi tas," in ji shi.

Ya miƙa hannu, ba wajena ba. Inna ta kama, ta sauka da shi matakala ɗaya-ɗaya, tana gaya masa inda zai taka. Na zauna ni kaɗai gaban allon har watan ya zame daga gefe ya fita, ban ko tashi na bi shi ba.

Baba bai sake hawa dal ba. Hoton yana nan a kwamfuta, na tura wa Turawan nan, suka yi ta yabo, ɗaya ma ya tambaye ni wace manhaja na canza. Ban ba shi amsa ba. Inna ta ci gaba da share ɗakina tana ninke mini kaya har na yi aure na bar gidan, amma kaskon bai sake tsallake ƙofata ba. Duk daminar da ta biyo, rigunana warin laima suke yi, haka nake sa su in tafi biro.